Hajjo da allurar Zalia

Hajjo mai shinkafa da wake ba ta cika cewa a'a ba. Abin da take cewa shi ne, "Bari mu gani." Mutanen Didaouré, unguwarsu a Sokodé, sun daɗe da gane cewa in ta faɗi haka, magana ta mutu ke nan.

A Langabou aka haife ta, a wani gida na bakin titi. Mahaifinta mutumin Nijar ne mai fataucin albasa. Motarsu ce ta lalace a garin, ya sauka jiran gyara, bai sake barin garin ba. Hajjo ta taso tana miƙa wa fasinjoji abinci ta tagar mota, ta nan kuma ta haɗu da Harisu, lokacin yana yaron mota. Aure ya kawo ta Sokodé. Harisu ya zama direba yana jigila tsakanin Sokodé da Dapaong, ita kuma ta kafa tukwanenta kusa da tasha. 'Ya'ya huɗu ta haifa, biyu suka rayu: Hanif da ke koyon kanikanci a Lomé, da autarta Zalia. Ba ta maganar biyun da suka rasu. Sai dai duk wanda ya san ta ya san ba ta son Zalia ta yi nisa da inda idonta yake kaiwa.

Wata damina ruwa ya yi yawa a arewa, kogin Oti ya cika ya shiga gonaki da gidajen mutane a wajen garin Mango. Zalia na da shekara goma sha bakwai, tana hutun makaranta, tana taya uwarta wanke kwanuka. Matasan unguwa suka haɗa 'yan agaji da za su sauka a Dapaong, daga can a raba musu aiki. Sharaɗi biyu aka sa wa irin su Zalia: yardar iyaye, da ƙarin allurar tetanos, ciwon nan mai sarƙe haƙora, saboda aiki ne cikin laka da ƙusoshi da tsohon kwanon rufi.

"Mma, ina son in bi su," in ji Zalia.

Hajjo ta ci gaba da juya miya. Nan take ta hango cewa ba sai ta hana tafiyar ba. In babu allura, babu tafiya.

"Tafiya ba laifi," ta ce. "Aikin lada ne. Allurar ce dai, bari mu gani."

Daga nan ta shiga neman shawara, da fatan ta samu wanda zai ce kada a yi. Ta fara da limamin masallacinsu. Ya ce riga-kafi ba haramun ba ne, taimakon wanda ruwa ya kora kuma sadaka ce babba, ya sa wa Zalia albarka tun ba a tafi ba. Hajjo ta yi godiya ta fito. Ta buga wa Harisu waya yana kan hanya, ya ce, "Duk yadda kika gani," amsar da yake ba ta tun ranar da aka ɗaura musu aure.

Saura Khairiya, ma'aikaciyar jinya a asibitin unguwa, wadda kullum da rana take zuwa cin abinci wurinta. Hajjo ta zuba mata, ta ƙara mata nama ba ta tambaya ba.

"Yarinyar nan an yi mata allurai tana jaririya har cinyarta ta kumbura," ta ce. "Ni na riƙe ta. Me ya rage kuma?"

Khairiya ta ce allurar ciwon shawara sau ɗaya ake yi, ta wadatar. Amma ta tetanos ƙarfinta yana raguwa da shekaru, shi ya sa ake ƙarawa. Hannu zai yi tsami kwana ɗaya ko biyu, wataƙila da ɗan zazzaɓi. Gara kuma a yi da wuri, ba ranar tafiya ba.

"Zazzaɓi," in ji Hajjo, kamar ta tsinci abin da take nema.

Khairiya ta haɗiye lomarta. "Yaya Hajjo, ko ba za ta je ko'ina ba, ya kamata a yi mata. Yarinyar da ke faskara miki itace, tana yawo a tasha da silifa. Allurar daban, tafiyar daban. Wacce ce ba kya so?"

Hajjo ta tambaye ta ko a ƙara yaji.

Zalia ba ta yi gardama ba. Ta ci gaba da wanke kwanuka, sai dai ta daina hira. Shirun ya fi damun Hajjo, domin babu yadda za ta amsa shi.

Ana cikin haka wata mata ta sauko daga motar arewa da yara uku da roba guda ta wanki, a ciki aka tattara abin da ya rage musu. Wurin 'yar uwarta za ta a Sokodé. Ta zauna kan bencin Hajjo, yaran suka ci kamar za su haɗa da kwanon. Hajjo ta tambaye ta ko ba a ba su komai a can ba. Matar ta ce an ba su shinkafa, Allah ya saka.

"To?"

"Ɗanya ce. Itace duk ya jiƙe, tukwane kuma ruwa ya tafi da su."

Hajjo ta ajiye ludayi. Ta ji labarin gidajen da suka rushe a rediyo, ta yi addu'a ta wuce. Amma a miƙa wa mai yunwa shinkafa ɗanya, wannan ta san ma'anarsa.

Washegari da safe ta ɗaura zaninta na fita, ta ce wa Zalia ta sa takalmi. A asibiti, Zalia da ke shirin fuskantar ambaliya ta ga allura ta runtse ido, ta damƙe hannun uwarta har sai da ya yi shata. Hannun Zalia ya yi tsami, zazzaɓi bai zo ba. Hajjo ta jira shi, tana taɓa mata goshi a kai a kai, har ta haƙura.

A Dapaong aka kai Zalia wata makaranta inda aka tsugunar da waɗanda ruwa ya kora. Da aka ji sana'ar uwarta, aka tura ta wurin girki. Ba ta ga kogi ba, ba ta taka laka ba. Albasa ta yanka. Bayan 'yan kwanaki ta bugo waya, a cikin hira ta ce shinkafar wurin kullum sama ɗanya, ƙasa ƙonanna, don masu dafawar ba su saba da babbar tukunya ba.

Hajjo ta rufe rumfarta, abin da ba ta yi sai ranar salla, ta shiga gaban motar Harisu. Bai tambaye ta komai ba, ya dai matsar da jakarsa.

Ta isa, ta leƙa tukunya, ta ce a sauke. Babu wanda ya naɗa ta shugabar girki, babu kuma wanda ya yi musu. Ta sa aka gyara murhu, ta raba shinkafar tukunya biyu, ta koya wa samari yadda ake rage wuta. A nan ne, tana jan wani tsohon kwanon rufi don ta rufe itace, ya yanke ta a ƙafa. Wani ma'aikacin lafiya ya wanke ciwon, ya tambaye ta yaushe rabonta da allurar tetanos.

"Tun ina da cikin wannan," ta ce, ta nuna Zalia.

Ya ce to za a ƙara mata. Ta buɗe baki za ta yi magana, Zalia ta riga ta naɗe mata hannun riga.

Sai da ruwa ya fara ja suka dawo tare. Direbobin tasha suka yi ta ƙorafin cewa ta bar su da burodi da shayi. Damina ta gaba Zalia ta sake tafiya, a wannan karon har Mango, ta dawo da takalmi ɗaya. Hajjo tana nan kusa da tasha da tukwanenta. In aka tambaye ta yadda ta ga Dapaong, takan ce mutanen kirki ne, amma itacensu hayaƙi gare shi.