Rigunan Ranar Hoto

An yi ruwa da asuba, gari ya waye da ƙamshin ƙasa. Na fito da buta na tarar da Kande tana shara a ƙofar ɗakin 'yan mata. Tana rera waƙar da na koya musu, tana ɓata baitin ƙarshe da gangan don in gyara mata. Shekarunta goma sha ɗaya, ita ce babba a cikin matan.

Sunana Rifkatu, ɗaliba ce ni daga Dogon Dutsi a Nijar. Da dogon hutu majami'armu ta turo mu mu tsallaka iyaka, mu yi aikin sa kai a wani ƙaramin gidan marayu a ƙasar Maiyama. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba. Mama Saratu, dattijuwar da mijinta ya rasu, ita ke riƙe da yaran, su goma sha tara. Ni ke koya musu karatu da waƙa. Na zo ina tsammanin abin da zan koma da shi gida waƙoƙi ne a kan damina.

Ana gobe abin zai faru, Malam Nomau, manomin da gonarsa ke jikin katangarmu, ya zo wurin shugaban tawagarmu, Malam Yohanna. Ya ce an ga baƙin babura a fadama, mutanen gari sun fara kai mata da yara Maiyama, mu ma mu bi su. Malam Yohanna ya yi masa godiya. Ya ce gobe mai hoto zai zo daga Jega. Masu tallafa wa gidan daga ƙasar waje sun aiko da sababbin riguna, suna jiran su ga yaran a cikinsu. Da an ɗauki hoto sai mu tashi.

Rigunan ruwan ɗorawa ne, duk iri ɗaya, dogaye har gwiwa. Washegari da safe, don kada tsumma ya leƙo a hoto, aka ce kowane yaro ya cire tsofaffin kayansa. Muka tara su muka jiƙa a baho.

Mai hoto ya makara. Muka jera yaran, suka watse, muka sake jerawa. Sai da rana ta take ya iso. Ya ce su yi dariya, suka yi. Da ya gama, Malam Yohanna ya hau bayan babur ɗinsa don ya nemo mana mota a bakin titi.

Ladan na cikin kiran azahar na ji ƙugin. Da fari na ɗauka hadari ne. Sama kuwa tas take. Ladan bai kai ƙarshen kiran ba. Harbi ɗaya, sannan da yawa. Awaki suka tsinke igiya.

“Ta baya! Ta baya!” Mama Saratu ke ihu.

Na sunkuci Bulus, ɗan shekara uku. Muka fita ta ƙaramar ƙofa muka faɗa gonar gero. Geron ya fi ni tsawo. Muka kutsa har tsakiya, muka kwanta tsakanin kunyoyin gero, ruwan safe na shiga mana hanci. A nan muka tarar da Inna Hajo, matar Malam Nomau, kwance rub da ciki. Ta ɗago kai ta dube mu, idonta ya fito.

“Ɗiyata, ku hidda rigunan ga! Tun daga hanya ana hangen ku!”

Sai a lokacin na gani. Cikin koren gona, yaranmu kamar an kunna fitilu.

Yara maza suka tuɓe nan take. Muka fizge na ƙananan, muka tura cikin laka, muka danne da gwiwa. Kande kaɗai ta ƙanƙame tata da hannu biyu.

“Anti, maza na nan.”

Na warware gyalena na jefa mata. Ta ɗauka. Maimakon ta sauya a inda take, sai ta rarrafa wajen wani suri a gefen gona don ta ɓuya daga idon yaran. Haka aka rene ta. A wurin geron bai yi kauri ba. Na kira ta da raɗa. Ba ta ji ba.

Babur ya tsaya. Injin bai mutu ba.

“Ke! Taso nan!”

Na yunƙura. Inna Hajo ta danne mini wuya har bakina ya shiga ƙasa. Hannuna na kan bakin Bulus. A bayana yara kwance tsirara, kowa ya riƙe numfashi.

“Anti Rifkatu!”

Sau ɗaya ta kira. Ta tsakanin kara na ga babur ɗin ya bi hanyar fadama, maza biyu a kai, ruwan ɗorawa a tsakaninsu. Ya yi nisa ƙwarai ina ganin rigar.

Da harbin ya koma yamma da gari, muka tashi. Hayaƙi na bin bayanmu. Ganyen gero ya yayyanke jikin yaran. Muka tsallake rafi, ruwa iya ƙugu, muna miƙa ƙananan hannu zuwa hannu. Ba wanda ya yi kuka. Wannan ma ina jin haushinsa: ba yau suka fara ba, sun san yadda ake yi.

Bayan la'asar muka fito titi. Motoci suka yi ta wucewa, ana leƙen mu ta taga. Daga baya wata motar albasa da ke komawa Aliero ba kaya ta tsaya. Direban bai tambaye mu ko su wa ba ne. Ya yi salati, ya sauko da buhuna, muka lulluɓe yaran da su. Inna Hajo ta ƙi hawa. Ta ce sai ta ga mijinta.

A tashar Jega Malam Yohanna ya same mu, rigarsa fes. Ya durƙusa yana kuka, yana cewa nufin Allah ne. Ni da ban taɓa ɗaga wa babba murya ba, na ce masa ya cire sunan Allah daga bakinsa. Allah ya aiko mana da Malam Nomau tun jiya. Masu bindiga kuwa ba ni da kalmar da ta ishe su, duk karatuna. Daga baya na ji an tura wa masu tallafin hoton. Sun amsa cewa ya yi kyau.

Kafin magariba wata mai tuwo a tashar ta kira ni. Ta ce a kawo yaran, ba ta son ko sisi.

“Malama, kwano nawa?”

Na ce sha tara. Bakina ne ya faɗa, kamar kullum.

Ta zuba, ta jera a kan benci. Yaran suka zo cikin buhunansu, kowa ya ɗauki nasa. Ɗaya ya rage. Yunwa suke ji, tun safe ba su ci komai ba, amma ba wanda ya miƙa hannu. Mai tuwo ta dube ni, ta dubi Mama Saratu. Ta ɗauko faifai ta rufe shi.