Dawakin da ke cikin akwatin Kaka

Duk lokacin da na ji ƙarar murfin akwatin ƙarfe, sai in tuna ɗakin kakana a unguwar Misfala ta Makka da tsakar rana a lokacin zafi, sa'ad da ko masu sayar da ruwa sun nemi inuwa.

Kafin ya iso Makka, Kaka ya yi shekaru a Sudan yana kula da dawakin tsere na wani Bature. Da zai taho, Baturen ya ba shi takarda mai zanen sukuwa. Cikin tsohon rawani yake ɓoye ta a ƙasan akwati, don a lokacin ba a son hoton abu mai rai a garin nan.

Ranar da ya nuna mana, ni da ɗan baffana, na yi karambani na ce, "Kaka, ai mai zanen bai gama ba. Ƙafafun duk sun caɓe." Haka kuwa na gani. An goggoga kore da ruwan ƙasa, mahayan ba fuska, rigunansu ɗigon ja da rawaya ne kawai.

Ɗan baffana ya ja da baya har bakin ƙofa, ya ƙanƙance ido. "Ba caɓewa suka yi ba, gudu suke. Na tsakiyar nan ma ya gaji."

Kaka ya yi dariya har da hawaye. "Ya waladi, yarona, kai ka san doki!"

Daga ranar shi ake kira. Ni ke kai wa Kaka shayi, amma shi ake zaunarwa a gefen shimfiɗa ana koya masa gane doki daga wuyansa. Ni ma na ja da baya, na ƙanƙance ido, ban ga komai ba sai dabbare-dabbare. Zuciyata ta yi ta tafasa.

Sai na je wurin babana na ce akwai hoto a gidanmu, mala'iku ba za su shigo ba. Baba ya durƙusa gaban mahaifinsa ya yi magana a hankali. Kaka da hannunsa ya sa takardar a murhu.

Bai taɓa yi mini faɗa ba. Bai kuma sake maganar doki da kowa ba har ya rasu.

Yau a unguwar Rusaifa, inda muke zaune, hotuna sun cika kowane gida, ba mai ɗaga kai. Ɗan baffana ya tsufa, idonsa ya tafi, amma har yanzu yana iya zayyana dawakin nan ɗaya bayan ɗaya. Nakan zauna in saurara. Ban gaya masa wa ya kai ƙara ba, kuma wallahi kishin bai bar ni ba.