Ledar da Rana Ta Kasa Ci

A unguwarsu Dakta Leda ake ce masa, kuma tuntuni ya daina musu. Shekara goma sha tara ke nan yana ɗakin gwaje-gwaje na jami'a, yana dama sinadarai yana shafa su a kan wata roba mai laushi kamar ledar shago. Kowa ya san roba ba ta ɗaukar lantarki, shi ya sa ake naɗe waya da ita. Tasa kuwa tana ɗauka, kai har idan rana ta haska ta, da kanta take samar da wutar. Matsalar ɗaya ce: ranar da take ba ta ƙarfi ita ce take kashe ta. Mafi ƙwari cikin ledojinsa awa ɗari uku ta yi ta koɗe, ta mutu murus.

Mutum ne mai kai, amma a aike shi sayen albasa sai ya dawo da batir. Goggo, ƙanwar mahaifinsa da ta raine shi, a gidansa take zaune. Idan aka tambaye ta aikinsa sai ta ce, “Likita ne, amma ba na mutane ba.”

Shekarar da ya nemi zama farfesa, kwamiti ya ce saura masa takardar bincike ɗaya mai nauyi, ya kawo kafin ƙarshen zango. Ya haɗa sabuwar leda shuɗiya, faɗin tafin hannu. Ana gyaran rufin ɗakin gwaji, don haka ya kawo ta gida ya kafa a kan tebur a tsakar gida, inda rana take wuni. Da safe ya auna ƙarfinta ya rubuta ya fita aiki, da yamma ya sake aunawa.

Awa ɗari uku ta wuce, leda garau. Ɗari shida, ko gezau. Ranar da ta cika dubu, Dakta ya taka rawa a tsakar gida da takalmi ƙafa ɗaya. Ya rubuta takarda ya aika wa mujallar masana, edita ya amsa cewa bai taɓa ganin irin wannan ba.

Wata Laraba ya manta tabarau, ya dawo gida rana na tsaka. Sai ya tarar an lulluɓe tebur da tsohon zani, an kifa murfin tukunya a kai, an danne da dutse.

“Goggo! Wa ya rufe wannan?”

“Ni mana,” in ji ta daga ƙofar ɗaki. “Kullum ni nake rufe maka da zarar ka fita, in buɗe kafin ka dawo. Ban faɗa ba don ba godiya nake nema ba.”

“Kullum?”

“Tun ranar da ka kawo ta. Haba ɗan nan, duk karatunka ba ka san rana tana cin leda ba? Bokitina uku ta fasa.”

Dakta ya zauna daɓas a ƙasa. Ya so ya yi faɗa, amma da wa? Goggo ta kare masa abinsa ne da zuciya ɗaya. Kuma daga shi sai ita suka sani. Idan ya yi shiru, wata mai zuwa farfesa ne. Wallahi ya yi wannan tunanin, har ya gama shan shayi yana yin sa, kuma ya ji kunyar kansa.

Washegari ya rubuta wa edita ya janye takardar, ya faɗi dalili dalla-dalla, har da murfin tukunya. Sati guda abokan aikinsa suka yi suna dariya. Zango ya ƙare, kujerar farfesa ta wuce shi.

Ya haɗa wata ledar, ya fara ƙirga daga awa ta ɗaya. Goggo ta yi alkawarin ba za ta taɓa ba, sai dai kullum ta zauna a inuwa tana kallon abin yana koɗewa tana tsaki. A awa ta ɗari uku da tamanin ta mutu. Dakta ya rubuta adadin, ya ja masa layi biyu, don bai taɓa kaiwa nan ba.

Goggo ta leƙa littafin, ko da yake ba ta iya karatu ba.

“Ni na hana ka zama farfesan, ko?” in ji ta.

“A'a Goggo, rana ce.”

Ta share ido da bakin mayafi. “To tashi ka dama wata. Zamanka a nan ba zai sa ta ji tausayinka ba.”