Barau Bakanike, Mai Shinshina Hayaƙi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 12 ga Fabrairu, 2025, ina Fatakwal ina jiran lodi, matarka Laure ta bugo min waya cewa Allah Ya yi maka rasuwa a asibiti a Gumel, bayan doguwar jinyar hanta. Har an kai ka makwanci ban samu ko ɗaukar makara ba. Rabon mai nisa ke nan.

Barau, duk direban da ya taɓa shiga tashar Maigatari ya san ka. Sauran kanikawa sai sun buɗe inji. Kai kuwa durƙusawa kake a bakin salansar mota, inda hayaƙi ke fita, ka ce, "Maigida, taka min totur." Ka zuƙi hayaƙin, ka yi tari, ka miƙe ka ce ringin cikin inji ne ya lalace. Kuma shi ɗin ne. Baƙon da motarsa ta lalace bai taɓa kwana a daji ba matuƙar labari ya iso ka. In an zo sallamarka, sai ka ce a wuce wajen mai balangu. Can ma ka ture tsoka gefe: "A ba yara wannan, ni a zubo min kitse. Inji ba ya tafiya sai da giris."

Da ciki ya fara kumbura, likita ya ce kitse ya lulluɓe hantarka, hayaƙin motoci kuma yana ƙara mata wahala. Ka yi dariya ka ce, "Likita, ashe ni ma sabis nake buƙata."

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne raɗe-raɗin da ya iso ni har nan, wai hanta ba ta lalacewa haka kawai, wai kana tsallaka boda ka kurɓi barasa. Ni ba na yabon banza. Kana da taurin kai, har gaba muka yi a kan cin kitsen nan. Amma tun muna yaran mota muke kwana tabarma ɗaya, daga Gagarawa har Damagaram, kuma abu mafi ƙarfi da na ga ka sha shi ne shayi mai kauri. Masu maganar kuwa, hayaƙin motocinsu ka shaƙa.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa ciwon ya zama kaffara, Ya haskaka kabarinka. Laure, da 'ya'yanku Mansura da Abdulfatah, Allah Ya ba ku haƙuri. Ku shiga mutane da kanku a ɗage, Barau bai bar muku abin kunya ba. Masu raɗa kuma Allah Ya yafe musu, amma su fara zuwa ƙofar gidan Laure neman gafara tukuna.