Cokali Ɗaya Bayan Abinci

Ranar da na fara shiga asibitin Baba Likita a unguwar Nasarawa ta Kaduna, saura kaɗan in fito da faɗa. Shekarun alif ɗari tara da tamanin ne, lokacin da masaƙa ta rage ma'aikata, maigidana yana cikin waɗanda aka sallama. Muna haya a Makera, kuma ko maƙwabciyar da muke haɗa murhu ba ta san koko muke wuni a kansa ba. Ni mace ce mai rufin asirin gidana. Wasu suna cewa girman kai ne, su dai suka sani.

'Yata ta fari, wadda har yau ba na kama sunanta, ba ta daɗe da yaye ba. Sai ƙafafunta suka fara kumbura, gashinta ya yi ja, ta daina wasa, ko kukan kirki ba ta iyawa. Hankalina ya tashi ƙwarai, domin na ga yadda aka fita da yaron wata a layinmu a naɗe, shi ma da kumburi ya fara.

Baba Likita mutumin Filato ne, Kirista, ya yi aikin gwamnati har ya gaji, sannan ya buɗe ɗan asibiti a gaban gidansa. Tun a lokacin da furfurarsa. Ya danna ƙafar yarinyar da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Ya tambaye ni me take ci, na ce komai tana ci. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Baba, allura za ka yi mata," na ce.

"Wannan ba ciwon allura ba ne, 'yata."

A zamaninmu likitan da bai soka allura ba bai yi aikin komai ba. Na saɓi 'yata ina cewa ai ba shi kaɗai ne likita a Kaduna ba. Sai da na kai ƙofa ya yi magana.

"Akwai magani, amma ba a tafiya da shi gida. Cokali ɗaya ne, a gabana, bayan an ci abinci. Kuma abincin da matata ta dafa, don shi na san abin da ke ciki. Kullum da azahar ki kawo ta."

Ina ta gunaguni, amma washegari na je. Ashe al'adarsa ce, da rana ta take sai ya rufe asibiti ya shiga cikin gida, in ba mai naƙuda ko mai jini aka kawo ba. Zai zauna a tabarma gindin mangwaro, yara su kewaye shi, nasa da na 'yan'uwa da aka turo daga ƙauye, ba ka bambance na cikinsa da na riƙo. Matarsa, wadda kowa ke kira Mama, doguwa ce mai murya, kullum Baba yana ƙorafin gishiri bai ji ba, tana ce masa likitan da ke hana mutane gishiri ne ke wannan maganar. Tun kafin in zauna ta raɗa mini cewa wurin mahauta Musulmi na Makera take sayen nama, kada in ji komai.

Gwaten acca take yi, da wake da gyaɗa da busasshen kifi, wani lokaci ta murje ƙwai a na yarinyar. Ni ma sai ta dire mini kwano. Na ce na ƙoshi. Ta ce, "Yaro ba ya ci in uwa ta zuba masa ido kawai. Dokar likita ce." Bayan an wanke hannu Baba zai zaro kwalba daga aljihu, ya tsiyaya a cokali, ya murtuke fuska kamar mai shirin tiyata.

Ni ba sakara ba ce. Cikin sati na biyu na ga ya ba autansa, ƙato mai ƙoshin lafiya, abin da ke cikin kwalbar nan. Nan na gane ciwon 'yata, na gane maganin kuma yana cikin kwano. Na koma gida na yi kuka sosai, rabi kunya, rabi godiya. Bai taɓa furta kalmar yunwa a gabana ba, ni ma ban nuna na sani ba.

Da kumburin ya sauka sai yarinyar ta fito a rame, na sake tayar masa da hankali, ya yi ta dariya. Sannu a hankali ta murmure. Wata rana ta fizge tsoka daga hannun autansa, ta haɗa masa da cizo. Baba ya ajiye cokali ya ce, "An sallame ta."

Allah ya ja kwanansa har ya haura casa'in. Matan da aka haifa a hannunsa sun dawo sun haihu a hannunsa. Mu mun koma ƙetaren kogi da zama, amma zumunci bai yanke ba, da salla mu kai musu nama, da Kirsimeti su aiko da cincin.

Mama ta riga shi tafiya, daga nan ya daina cin abinci. Babbar 'yarsa ta aiko mana cewa sun yi lallashin duniya, sai ya kau da kai. 'Yata, wadda ita ma a lokacin ta aurar da 'ya, ta dafa gwate yadda ta koya a gidan, muka tafi. Muka same shi gindin mangwaron, a kujera yanzu, duk ya ƙanƙance. Ta durƙusa ta buɗe kwano, ya juya fuska. Sai ta zaro wata kwalba daga jakarta ta ajiye a gabansa.

"Baba, akwai magani, amma sai an ci abinci. Dokar likita ce."

Ya dube ta ta saman tabarau, ya daɗe, sannan ya dube ni.

"Ashe kin sani, 'yata."

"Tun sati na biyu, Baba."

Ya buɗe baki ta ba shi. Ya tauna a hankali, idonsa ya kawo ruwa, ya ce gishiri bai ji ba. Sannan ya sake buɗe baki a ƙara masa.