Dutsen Randar Goggo Malis

Duk wanda ya tashi a garinmu ya ci prahok ɗin Goggo Malis, daddawar kifin nan da take tsumawa a babbar randa a ƙarƙashin ɗakinta da ke kan dogayen ginshiƙai. Ƙanwar babana ce. Mijinta ya rasu tana da sauran ƙuruciya, ta riƙe 'ya'yanta da wannan sana'ar a bakin tsohuwar gadar dutse ta zamanin sarakunan Angkor, wadda macizan dutse masu kai bakwai ke gadi. Ɗaya daga cikinsu dai kai shida muka taso muka gan shi da shi.

In aka tambayi Goggo sirrin daddawarta, sai ta nuna dutsen da take danne kifin da shi. Mijinta ne ya tsinto shi a rafi bayan wata ambaliya.

Wani rani masu gyaran gada suka zo. A cikinsu akwai Kawu Sarun, mai sassaƙar dutse daga birnin Siem Reap, dattijo mai yawan fara'a, shi ma matarsa ta rasu. Ya zo sayen prahok, Goggo ta ciro dutsen ta ajiye gefe. Ya tsuguna ya juya shi. Sai ga ido biyu da baki a wangame.

"Yaya Malis, kin san wa kika sa aikin danne kifi?" in ji shi.

"Dutsena ne. Ajiye min."

"Kan macijin gada ne. Mun kusa ƙare rafin nan da nemansa."

"To ai bai taɓa yin ƙorafi ba," in ji Goggo.

Da farko ta ƙi bayarwa. Da yamma sai ta je ta tsaya a gaban macijin, ta daɗe tana kallon giɓin wuyansa. Washegari ta naɗe dutsen a mayafinta mai kyau, ta kai shi da kanta, har da turare da ayaba na neman gafara.

An wanke shi da sabulu, an goge da toka, wari ya ce yana nan. Ranar da aka maida kan, babban limamin haikali yana yayyafa ruwan albarka ya shaƙi iska, ya ce wannan macijin dai ba a bar shi da yunwa ba. Jama'a suka yi ta dariya, Goggo ta rufe fuska.

Kawu Sarun ya ɗauki alkawarin sassaƙa mata wani dutsen danne kifi. Ya kawo na farko, ta ce ba nauyi. Ya kawo wani, ta ce wannan ai sai ya fasa mata randa. Kowane zuwa kuma sai ta zuba masa shinkafa da miya.

Rannan na ce, "Goggo, wai me ke damun duwatsun nan?"

"Ke, ina ruwanki? Jeki ki duba wuta."

Aikin gada ya ƙare, abokansa suka koma, shi bai koma ba. Bayan girbin shinkafa aka ɗaura musu zaren aure a hannu, shi da Goggo. Yanzu shi ke kai randuna kasuwa a bayan babur, yana tafe tana bin sa da faɗa a kan ya cika gudu. Jikokinta kuwa sun koyi riƙe kurfin sassaƙa a wurinsa, har ƙaramarsu ta sassaƙa wani abu da ta rantse giwa ce.