Duwatsun Kunnen Malam Garba

Shekara tara ke nan da rasuwar abokina Malam Garba, wanda ya ƙare rayuwarsa yana koyar da ilimin halittu a Bauchi, garin da ba shi da teku, kuma yana ƙaunar wani ƙaramin kifin teku da 'yan kasuwa ke kira kuroka. Bai taɓa ganinsa da rai ba. A ƙanƙare suka san juna.

Amma ya san shi sarai. Kifi ne na bakin gaɓa, mai kiwo a cikin laka, yana tsintar tsutsa da jatan lande. Lokacin haihuwa namijin kan kaɗa jakar iskar cikinsa ta yi gurnani kamar ganga. A cikin kansa kuma akwai fararen duwatsun kunne, masu layi-layi, waɗanda ake ƙirga shekarunsa da su. Su ne Garba ke tarawa a kwalabe.

Ranar sadakar uku aka buɗe ɗakinsa a Ƙofar Ran, aka ga kwalaben jere a ƙarƙashin gado. Kafin la'asar magana ta zaga unguwa cewa marigayi yana taɓa asiri. Matarsa, Malama Hajara, ta kasa ɗaga kai gaban masu gaisuwa. Yayansa Alhaji Sule ya ce a haƙa rami a binne su a yi shiru, wanda kuwa shi ne zai tabbatar da zancen.

Na je kasuwa na sayo kuroka, na fasa kansa da wuƙa a zauren gidan, gaban dattawa, na zaro duwatsun na ajiye kusa da na kwalba. Alhaji Sule ya juya su a tafin hannu ya daɗe.

"To, Malam," ya ce da ni, "ashe Garba ba asiri gare shi ba. Aikin yi ne ba shi da shi."

Aka yi dariya, har daga cikin gida.

Yau a unguwar Yelwa ɗalibai na cin kuroka gasasshe da yaji, su tofar da duwatsun a ƙasa. Ina jin da Garba na nan da ya tsaya ya yi musu darasi, su kuma su ci gaba da tauna.

Bai bar littafi ba, bai bar gida a GRA ba. Malama Hajara dai tana shiga kowane taro a unguwar, kanta a ɗage. In an ambace shi, sai a ce, "Af, malamin nan mai kan kifi." Na san mutanen da aka fi yi wa kirari, aka kuma fi yi musu ƙarya. Allah Ya jiƙan Garba.